Da 'Yar Gari Akan Ci Gari: Ƙauyukanmu Na Bukatar Ungozoma Mai Ilimi

Gabatarwa

Idan mace ta sauka lafiya a ƙasar Hausa, maƙwabta kan shigo suna cewa "barka da arziki." Wannan ita ce gaisuwar da ake yi wa wanda ya fita daga haɗarin mota, ko wanda Allah ya tsamar daga gobara. Kakanninmu da suka ɗora wannan gaisuwa a kan haihuwa sun san abin da suke faɗa, domin sun sha ganin mata sun durƙusa kan gwiwa ba su tashi ba. Shi ya sa har gobe ake cewa mai ciki ƙafarta ɗaya tana duniya, ɗaya tana lahira.

Abin da nake so in jawo hankalin mai karatu a kansa, musamman ɗalibai da malaman makarantun sakandare na yankin Dutsin-Ma da Kurfi, shi ne cewa kimiyya ta riga ta gano yawancin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa, ta kuma samar da magungunansu, kuma da yawa daga cikin magungunan nan ba su da tsada. Abin da muka rasa shi ne hannun da zai yi aiki da su a kan lokaci, a cikin ƙauye, da tsakar dare. A ra'ayina wannan hannu ba zai samu ba sai mun koya wa 'ya'yanmu mata aikin jinya da na ungozoma, sun dawo sun zauna a garuruwan iyayensu. Hanyar yin haka kuwa daga ajin Bayoloji da Kemistare take farawa.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka rasu a duniya ta dalilin ciki ko haihuwa. Daga cikinsu kimanin 75,000 'yan Nijeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ɗalibi ya raba 75,000 da kwanaki 365 na shekara, zai samu sama da mata 200 a kowace rana ta Allah. Kwatankwacin haka shi ne a ce motocin bas goma sha ɗaya masu cin mutum 18 suna kifewa kullum, ba mai fita da rai. Da a kan titi haka ke faruwa da ƙasar nan ta tsaya cik, amma da yake a cikin ɗaki ne, bayan labule, sai a yi jana'iza a watse.

Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu na shekarar 2018 ya nuna cewa a Nijeriya baki ɗaya kashi 43 cikin ɗari na haihuwa ne ƙwararren ma'aikacin lafiya ke karɓa. A shiyyar Arewa maso Yamma kuwa, inda Jihar Katsina take, adadin bai kai ɗaya cikin biyar ba. Ma'ana, a duk mata biyar da suka haihu a wannan shiyya a wancan lokaci, huɗu sun haihu ba tare da wanda ya san abin yi idan al'amari ya rikice ba.

Abubuwa huɗu da ke kashe mata

Na farko kuma mafi gaggawa shi ne zubar jini bayan haihuwa. A ƙarshen ciki, jinin da ke ratsa mahaifa domin ciyar da ɗan tayi ya kai rabin lita ko fiye a cikin kowane minti ɗaya. Da zarar jariri ya fito, mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, sai ta bar wani babban miki mai buɗaɗɗun jijiyoyin jini. Hikimar da Allah ya yi ita ce mahaifa tsoka ce, sai ta tsuke ta dunƙule, ta matse jijiyoyin nan har jini ya tsaya. Idan mahaifa ta gaji saboda doguwar naƙuda, ko yawan haihuwa, ko ɗaukar tagwaye, takan kasa tsukewa, jini ya yi ta ambaliya. Ma'aunin da likitoci suka daɗe suna aiki da shi shi ne mililita 500, wato cikin ledar ruwan sha guda ɗaya. Abin da ya kai haka haɗari ne, kuma mace na iya cikawa cikin awa biyu idan ba a yi wani abu ba. Ungozoma mai ilimi takan yi wa mace allurar oksitosin cikin minti ɗaya da fitowar jariri, ta murza mata mara har mahaifa ta yi tauri, ta kuma duba ko mabiyiya ta fito duka.

A nan akwai abin alfahari ga ɗalibanmu mata. A shekarar 2023 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na ƙasashen Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Wadda ta jagoranci ɓangaren Nijeriya ita ce Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano. Dabarar mai sauƙi ce: a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni, domin a ga adadin jinin da ya zuba a daina kintace, sannan da jinin ya kai layin haɗari a haɗa mata dukkan matakan taimako gaba ɗaya, maimakon a gwada wannan a jira, a gwada wancan. Wannan ya rage munanan sakamakon zubar jini da kimanin kashi 60 cikin ɗari, kuma yawancin aikin ungozomomi ne suka yi shi da hannunsu.

Na biyu shi ne jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Mace takan faɗi tana sanƙarewa, tana cizon harshe, kumfa na fita, sai jama'a su ce iska ce ta taɓa ta, a kawo turare da hayaƙi. Asalin ciwon kuwa hawan jini ne da ciki ke jawowa, yawanci bayan sati na 20, kuma ya fi kama masu cikin fari. Kafin faɗuwar akwai alamu: ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, da zafi a saman ciki. Na'urar awon jini kan nuna 140 bisa 90 ko fiye, gwajin fitsari kuma ya nuna sinadarin furotin. Wani gwaji da aka yi a kan mata kimanin 10,000 a ƙasashe 33, wanda aka bayyana sakamakonsa a shekarar 2002, ya tabbatar da cewa allurar magnesiyam salfet na rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Maganin nan yana da arha, amma yana bukatar wanda ya san adadin da za a ba da, da alamun da ke nuna ya yi yawa a jiki.

Na uku shi ne doguwar naƙuda. Wani lokaci kan jariri ya fi ƙarfin ƙashin ƙugun uwa, musamman idan yarinya ce da ba ta gama girma ba, ko wadda ta tashi cikin ƙarancin abinci. Wani lokaci kuma jaririn ne ya kwanta a gicciye. Mahaifa na turowa, hanya kuwa babu. Idan aka ɗauki kwana biyu ko uku a haka, jariri kan mutu, mahaifa na iya fashewa, naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa kuma, wanda kan jariri ya danne a jikin ƙashi, jini ya daina isa gare shi, sai ya ruɓe ya ɓule. Wannan ita ce lalurar yoyon fitsari. Yankan gishiri da wasu tsofaffi ke yi wai don buɗe hanya ba ya ƙara faɗin ƙashi, hasali ma askar kan huda mafitsara ta jawo irin wannan yoyo. Ungozoma mai ilimi tana da wata takarda da take cikewa lokacin naƙuda, inda take rubuta buɗewar bakin mahaifa da saukowar kan jariri da bugun zuciyarsa awa bayan awa. Da ta ga naƙuda ta tsaya ba ci gaba, sai ta tura mace asibitin da ake tiyata tun da sauran ƙarfinta. Ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai ita ce kada rana ta faɗi sau biyu a kan mai naƙuda.

Duk wanda ke shakkar girman wannan lalura ya tambayi labarin asibitin Babbar Ruga da ke hanyar Batsari, a bayan birnin Katsina. Asalinsa asibitin kuturta ne. Wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Dakta Kees Waaldijk, wanda ya zo aikin kuturta a farkon shekarun 1980, ya tarar da ɗimbin mata masu yoyon fitsari, sai ya koma yi musu ɗinki, ya yi wa dubbai aiki, ya kuma koyar da likitoci da nas-nas masu yawa. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta mayar da wurin cibiyar ƙasa ta kula da wannan lalura. Daga cikin abin da likitan ya nuna akwai cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da wuri bayan doguwar naƙuda, aka bar ta makonni tana shan ruwa da yawa, wasu ƙananan sababbin ɓuloli kan warke ba tare da tiyata ba. Sa robar fitsari kuwa aikin nas ne da ungozoma.

Na huɗu shi ne zazzaɓin jego, wanda ƙwayoyin cuta ke jawowa idan suka shiga mahaifa ta hannu marar tsafta, ko tsumma, ko aska. A shekarar 1847 wani likita mai suna Ignaz Semmelweis, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya tilasta wa likitoci da ɗalibansu wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu naƙuda, sai mutuwar masu jego ta ragu ƙwarai cikin 'yan watanni. Darasin bai tsufa ba: hannu mai tsafta, shimfiɗa mai tsafta, sabuwar reza ta yanke cibiya.

Awon ciki da kwana arba'in

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma awon ciki shi ne rigakafin mai ciki. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, maimakon sau huɗu da ake yi a da, kuma zuwan farko ya kasance cikin sati 12 na farko. A wurin awo ake auna hawan jini, a gwada fitsari, a duba yawan jini, a tattaɓa ciki don sanin kwanciyar jariri. A nan ake ba da ƙwayar ƙarin jini, da allurar rigakafin tetanas mai sarƙe haƙoran jarirai, da gidan sauro mai magani, da ƙwayar Fansidar da ake soma sha bayan wata uku, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku, domin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Amfanin wannan a fili yake: macen da ta shiga naƙuda da cikakken jini na iya jure zubar da zai halaka wadda zazzaɓi da rashin abinci suka riga suka tsotse.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kan awo daga Zariya ta fito. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello tsakanin 1976 da 1979, ya buga sakamakon a 1985. Ya samu cewa mafi yawan matan da suka rasu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su ranga-ranga. Ya kuma nuna cewa rashin ilimin mace na cikin manyan abubuwan da ke tafiya tare da wannan mutuwa. Shekaru arba'in ke nan da wannan bincike, amma har yanzu kunyar cikin fari kan sa yarinya ta ɓoye cikinta har ya fito fili.

Aikin ungozoma ba ya ƙarewa da yanke cibiya. Ana so a duba mai jego da jaririnta cikin awa 24 na farko, da rana ta uku, da sati na biyu, da sati na shida, wanda ya yi daidai da kwana arba'in ɗinmu. A ƙasar Hausa akwai wani ciwon zuciya da ke kama masu jego, mai zuwa da haki da kumburin ƙafa da tari in an kwanta. Likitocin Zariya na shekarun 1970 sun danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Ko ma mene ne sanadin, mai jegon da ke haki tana bukatar wanda zai gane cewa zuciya ce, ya tura ta asibiti.

Jinkiri iri uku

A shekarar 1994 wasu masu bincike biyu na Amurka, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana cewa jinkiri iri uku ne ke tsakanin mace da ceto: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Bari mu ɗora wannan ma'auni a kan yankinmu.

Mu ɗauka naƙuda ta tashi wa mace da dare a wata unguwa ta mazaɓar Kutawa, ko Makera, ko Wurma, ko Birchi. Da farko za ta daure, domin an koya mata cewa raki abin kunya ne. Tsofaffi za su kawo jiƙe-jiƙe da rubutu. Maigida ya tafi cin rani, ba kuma mai ikon cewa a fita da ita sai shi. Wannan jinkiri na farko ke nan. Idan an yanke shawara, sai neman babur ko mota da kuɗin mai, ga rafi ya kawo in damina ce. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙananan hukumomin Safana da Batsari da Ɗanmusa da Kurfi da Dutsin-Ma, fita da dare ma sai mai ƙarar kwana. Wannan na biyu ke nan. An isa ƙaramin asibiti, sai a tarar a rufe, ko kuma ba wanda ya iya karɓar haihuwa, a ce a wuce babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, in abin ya fi ƙarfinsu a miƙa Katsina, tafiyar kimanin kilomita 60 daga Dutsin-Ma. Mai karatu ya tuna cewa zubar jini awa biyu kawai yake bayarwa.

Ungozomar da ke zaune a cikin garin tana rage dukkan jinkirin nan uku. Ta san mai cikin tun daga awo, ta riga ta gaya wa miji da uwar miji cewa wannan a asibiti za ta haihu, a tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini. Idan an buga mata ƙofa da dare, da ƙafa za ta iso. Idan tura mace ya zama dole, za ta sa mata ƙarin ruwa, ta yi mata allurar farko, ta kira babban asibiti ta waya su shirya kafin a iso.

Me ya sa sai 'yar gari?

Wani zai ce ai gwamnati na iya ɗauko ungozomomi daga ko'ina ta turo. An gwada haka. A ƙarshen shekarar 2009 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, inda aka rarraba kimanin 2,500 zuwa ƙananan asibitoci fiye da 600. Shirin ya yi amfani a farkonsa, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa da yawa sun bar wuraren aikinsu saboda rashin masauki, da jinkirin biyan alawus, da nisa da iyalansu. Wadda ba ta jin Hausa sosai kuma, ta yaya yarinya mai cikin fari za ta gaya mata abin da ko uwarta tana jin nauyin gaya wa? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yar gari tana da gidan kwana, tana da dangi, ta san wace tsohuwa ce ake jin maganarta a kowace unguwa. Kasancewarta mace kuma ya kawar da uzurin magidantan da ke cewa ba za su bari namiji ya duba iyalinsu ba.

Tarihi ma ya goyi bayan wannan ra'ayi. Ƙasar Suwidin a ƙarni na 19 ƙasa ce ta talakawa manoma, mai ƙauyuka a warwatse. Hukumominta suka dage a kan koyar da ungozomomi da ajiye su a gundumomin karkara, ana kuma bin diddigin aikinsu. Zuwa shekarar 1900 mutuwar mata wajen haihuwa a can ta sauko zuwa kimanin 230 cikin kowace haihuwa 100,000, wato kusan rabin na Ingila a lokacin. Sun cim ma haka tun kafin a gano magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kafin ƙarin jini ya zama ruwan dare, kuma yawancin matansu a gida suke haihuwa. Rahoton duniya kan aikin ungozoma na shekarar 2021 ya ƙiyasta cewa da za a samu isassun ƙwararrun ungozomomi da kayan aikinsu, da an kauce wa kimanin kashi biyu cikin uku na mutuwar mata wajen haihuwa.

A nan gida ma an ga misali. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri da tallafin gwamnatin Birtaniya a jihohin Katsina da Kano da Jigawa da Zamfara da Yobe, inda al'umma ke zaɓo 'yan matan karkara da matan aure, a ba su karatun share fage na ƙarfafa darussan kimiyya, sannan su shiga makarantun jinya da na ungozoma bisa alkawarin za su koma yi wa garuruwansu aiki. Bukatar yin share fagen ita kanta ta tona inda gizo ke saƙa: 'yan matanmu na gama sakandare ba tare da sakamakon da ake bukata ba.

Amsa ga masu ja

Akwai masu cewa ungozomar gargajiya ta ishe mu, ita ta karɓi haihuwarmu da ta iyayenmu. Ba na raina tsofaffin nan, domin suna da amana da haƙuri, kuma jama'a sun yarda da su. Sai dai a al'adarmu yawancin aikinsu bayan faɗowar jariri ne: yanke cibiya, binne mabiyiya, wanka da gyaran jego. Ba su da abin auna hawan jini, ba su da allurar tsayar da jini. An shafe shekarun 1970 da 1980 ana ba su horo a ƙasashe da dama, amma zuwa ƙarshen shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karkata ga cewa sai ƙwararre ya tsaya a kan kowace haihuwa. Matsayin da ya dace da tsohuwa shi ne ta zama mai rakiya, ta kawo mai ciki awo, ta zauna kusa da ita, ta kuma zama ta farko da za ta ce a tafi asibiti.

Akwai masu cewa mutuwa ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ba makawa. Haka ne, amma malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Manomin da ya yi imani da ƙaddara bai fasa sa taki ba, bai kuma fasa noman farko da maimai ba.

Akwai kuma masu kukan cewa wasu ma'aikatan asibiti na yi wa mata tsawa da wulaƙanci a ɗakin haihuwa. Wannan kuka gaskiya ne, kuma yana cikin abin da ke korar mata daga asibiti. Wani ɓangare na laifin na hali ne, wani kuma na yawan aiki ne, domin nas ɗaya da ke kan mata goma ba za ta yi fara'a ba. Ƙarin ma'aikata zai rage wannan, wadda kuma za ta haɗu da mai jegon gobe a gidan suna ko a bakin rijiya sai ta fi kowa kiyaye harshenta.

Kira ga ɗalibai da malamai da iyaye

Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa na bukatar kiredit biyar, a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistare da Fizis, a zama ɗaya ko biyu na jarrabawar WAEC ko NECO. Cikakken kwas ɗin ungozoma shekara uku ne, akwai kuma na ungozomar karkara na shekara biyu. Jihar Katsina na da makarantar ungozoma a Malumfashi, da ta jinya a Katsina, da makarantun fasahar lafiya a Kankiya da Daura. Ƙofa a buɗe take ga wadda ta zo da makulli.

Ke ɗaliba, kada ki guje wa ajin kimiyya don an ce yana da wuya. Darasin zagayawar jini da kike koya a Bayoloji shi ne zai sa ki fahimci zubar jini, lissafin kaso da na awo shi ne zai hana ki yin kuskure a adadin allura. Kai ɗalibi, gobe kai ne maigida: ka koyi alamun haɗari, ka kuma bar izini a gida cewa in naƙuda ta zo ba ka nan a wuce asibiti ba sai an jira ka ba.

Ku malamai, ku daina tsallake babin haihuwa a Bayoloji don jin nauyi, ku koyar da shi cikin ladabi da kamun kai. Ku lura da 'yan matan da ke da basira tun daga aji uku na ƙaramar sakandare, ku ja su zuwa kimiyya. Malaman da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ke yayewa, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, na iya shirya darussan hutu kyauta ga 'yan matan ƙauyukan da ke kewaye da su. Ku iyaye, idan aure ya zo kafin a gama karatu, a sa sharaɗin ci gaba da shi tun wajen neman aure. Hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi kuma, kowace mazaɓa ta ɗauki nauyin yarinya biyu a shekara, a gina wa ungozoma ɗaki a jikin asibiti, a sa wutar sola domin firjin ajiye allurai, a kuma ɗauke ta aiki idan ta gama.

Kammalawa

Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma na da mazaɓu 11, Kurfi na da 10. Idan kowace mazaɓa ta tura yarinya biyu a shekara, cikin shekara biyar an tura sama da 200. Wannan bai fi ƙarfin al'ummar da ke haɗa kuɗi ta gina masallacin Juma'a ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma iccen nan yana zaune a azuzuwanmu a yau. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya kuma ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, amin.